Taku Arba'in, Sai a Tsaya

Rana ba ta gama fitowa ba wata tsohuwa mai yankan ciyawa ta tsinci Zulfi kwance a bakin magudanar ruwa, can ƙarshen gonar alkamarsa. Jini ya jiƙe rairayi har ya yi baƙi. Harsashi ɗaya ne, a cinya, can sama. Ƙaramar bindigar da ba ya rabuwa da ita ba ta jikinsa. Kafin a kawo gadon igiya a ɗauke shi, duk ƙauyen Basti Wasawa an gama yanke hukunci: Rab Nawaz ne, maƙwabcinsa a gona.

Ai ba sai an yi dogon tunani ba. Satin da ya wuce sun yi cacar baki a kan rabon ruwa, har Rab Nawaz ya ɗaga shebur, kowa ya gani. Aka je aka fizgo shi daga gida yana tsakar shan shayi, aka ɗaure masa hannu, aka jefa shi a ɗakin harawa na Malik Atta, wan mamacin, aka datse da kwaɗo.

Sannan aka aika kiran Gaman mai bin sawu.

Gaman ya haura sittin, gwiwarsa ɗaya ta lalace, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma ƙafar kowane namiji a garin nan ya san ta, har da ta raƙuma da ta jakuna. Sana'ar ubansa ce. Ya tarar da Malik Atta a ƙofar zaure, idanu sun kaɗa, ko rawani bai naɗa ba.

"Baffa Gaman, ba dogon aiki na kira ka ba," in ji Malik. "Ka je ka duba, ka dawo ka faɗa a gaban jama'a cewa sawunsa ne. Bayan La'asar za mu kai Zulfi. Daga maƙabarta kuwa ba gida zan yi ba, ɗakin harawa zan yi."

"Tunda ka riga ka sani, me ya sa ka tashe ni daga kan gurasata?"

"Don kada danginsa su ce na yi zalunci."

"To in ba sawunsa ba ne fa?"

"Nasa ne."

Gaman ya dube shi, ya gyara sandarsa, ya wuce gona.

* * *

Wurin da gawar ta kwanta an tattake shi kamar an ci kasuwa. Sa'a ɗaya, wani mai hankali ya kife kwanduna da tasoshi a kan sawun da ke gefe. Gaman ya kori 'yan kallo da zagi.

"Ku matsa, garken awaki! Wanda ya ƙara taku ɗaya, shi zan ce ya yi kisan."

Ya fara da na mamacin. Sawun Zulfi ne, babu tantama, diddigen dama na jan ƙasa kamar kullum. Ya taso daga gida a natse, ba gudu, ba waiwaye. Amma akwai abin da Gaman bai taɓa gani a tafiyarsa ba. Duk taku arba'in, ko ƙasa da haka kaɗan, sai ƙafafun biyu su haɗu wuri ɗaya, yatsu su nutse kamar mutum ya ɗan yi ɗage. Sannan tafiya ta ci gaba. Sau tara ya ƙirga. A na taran ne ya faɗi.

Sawu na biyu na Rab Nawaz ne, ƙafa ba takalmi, a ɗaya ɓangaren magudanar. Ya zo har kamar taku sittin daga wurin, ya tsaya, ya juya, ya koma gida da sassarfa. Taku sittin, mai saiti yana iya samun mutum.

Na ukun ne ya hautsina masa kai. Silifa ne na roba, irin wanda ake zubarwa a ƙofar kowane zaure, wanda ya fito ya zura. Ƙafar kuwa bai san ta ba. Mutumin ya zo a guje, ya durƙusa a kan gwiwa biyu kusa da Zulfi, ya miƙe, ya zagaya ta bayan gonaki ya nufi titin bulo. Da ya zo, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Da zai tafi, taku arba'in, ƙafafu suka haɗu, yatsu suka nutse. Wasu arba'in, haka. Har ya hau bulo, sawu ya ɓace.

Gaman ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Mutum ya zo da tafiyarsa, ya koma da tafiyar mamaci.

Nura wanzami, wanda ba a taɓa yin abu a garin ba tare da bakinsa ba, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Baffa, ni fa na gane. Kurwar Zulfi ce ta tashi ta zura silifa."

"Kurwa tana da gwiwa, ɗan banza?"

"To kai faɗa mana."

Gaman ya dafa sandarsa ya miƙe, don shi ma bai sani ba.

* * *

Ta ramin ƙofar ɗakin harawa ya yi magana da Rab Nawaz.

"Ka je gona yau da safe?"

"Wallahi Baffa ban leƙa ba."

"Ka yi wa Malik ƙarya in ka ga dama. Ni ƙafarka ta riga ta gaya mini. Ɗan yatsanka na hagu da ya karkace, tun kana rarrafe na san shi."

Can sai murya ta fito ƙasa-ƙasa.

"Na je. Yau ruwana ne, na je buɗe shi. Sai na ji harbi. Na ce ko wani ne ke korar aladen daji daga gona. Da na matso sai na hango mutum kwance, wani ya sunkuya a kansa."

"Wane ne?"

"Bayansa na gani. Ya lulluɓe da mayafi ruwan ƙasa."

"Duk garin nan wa ke da mayafin da ba ruwan ƙasa ba? Ka ga Musulmi kwance cikin jini, ka juya ka tafi shan shayi?"

"Baffa, da na ƙarasa da yanzu ina ina? Ga shi ban ƙarasa ba ma ina nan. 'Ya'yana huɗu. Ni ko bindigar tsuntsu ba ni da ita, kowa ya sani."

"Ana ara."

"Ka yarda ni ne?"

"Ni yau ban yarda da komai ba, har da idona."

* * *

Nura wanzami ya sake zuwa da sabon labari: jiya wani baƙo, Bapatane daga yankin duwatsu, mai tallar yadi, ya sauka a masallaci, kuma an ga suna ciniki da Zulfi har murya ta tashi. Gaman ya ja gwiwarsa har can. Ya sami sawun, ƙatuwar ƙafa cikin takalmi mai tayar mota, da layin kekensa ya miƙe hanyar garin Bakkar. Ƙwaro ya riga ya yi zane a kai, raɓa ta kwanta ta bushe. Tun jiya da yamma mutumin ya bar gari. Aikin banza, ga rana ta take.

Aka yi Azahar. Gaman ya koma bayan gonaki shi kaɗai, ya shiga gwada tafiyar da kansa. Taku arba'in, ya haɗa ƙafa. Me mutum ke yi a nan? Waiwaye? Mai waiwaye diddigensa na murɗawa, wannan bai murɗa ba. Sauraro? Mai sauraro ba ya ɗage. Kaya ya sauya daga kafaɗa zuwa kafaɗa? Zulfi ba abin da ya ɗauka sai shebur. Ciwon ciki? To ciwon ciki ne ke tashi daga gawa ya kama mai rai?

Mata masu ɗauko itace suka tsaya suna kallon tsoho yana tafiya yana tsayawa yana ɗage. Ya ji ɗaya na cewa, "Allah sarki, Baffa Gaman ma ya taɓu."

Ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ma ya fara zargin haka. Shekara arba'in yana karanta ƙasa, yau ga rubutu ɓaro-ɓaro a gabansa ya kasa haɗa baƙi. Inuwa kuwa sai ƙaruwa take yi.

* * *

Bai san abin da zai tambaya ba, amma ya nemi a bar shi ya yi wa matar mamacin gaisuwa. Sughra tana bayan labule, shi yana tsaye a barandar ɗaki. Bayan ya yi ta'aziyya, idonsa ya sauka a kan ƙusa a bango. Ɗamarar fata ce rataye, da kuben bindiga, da jeren harsasai. Ƙura ta hau kanta.

"'Yata, wannan ba ta Zulfi ba ce?"

"Tasa ce, Baffa."

"To da me ya fita da bindigar? A hannu?"

"Ai ya daina ɗaura ta, yau kwana goma ke nan. Wai tana sa shi zufa, kuma tana turo riga, duk shingen 'yan sanda sai an tsayar da shi. Lala Shafkat ne ya kawo masa wani ɗan maƙalin ƙarfe daga Karachi, ya ɗaure masa a jikin bindigar da kansa. Sai ya cusa ta cikin wando, ya maƙale a zariya, riga ta rufe. Ko ni sai na taɓa nake sanin tana nan."

Shafkat wanta ne, shi suke kira Lala, wato yaya, mai aikin gadi a birnin Karachi, ya zo hutu. Gaman sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ranar biki, cikin takalmin birni.

"A zariya?"

"A zariya." Ta ja majina. "Na ce masa su can bel suke ɗaurawa, mai kauri. Kai zariyar auduga ce da kai, ina za ta ɗauki ƙarfe? Zariya uku na zura masa cikin kwana goman nan. Har tsokanarsa nake yi, na ce namiji kamar kai, ba ka iya kaiwa bakin rijiya sai ka tsaya sau biyu ka ja wando..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Gaman kuwa ya tsaya baki buɗe. Sai ya jingine sanda, ya haɗa ƙafafunsa, ya kama ƙugun wandonsa da hannu biyu ya ja sama. Ya dubi ƙasa. Yatsunsa sun nutse.

"Kayan da aka cire masa suna ina?"

Wata tsohuwa ta turo kwarya ta ƙarƙashin labule. Ya ɗaga rigar, doguwa har gwiwa, ya duba ta a hasken rana gaba da baya. Jini ne kaca-kaca, amma ko hudar allura babu.

* * *

Ya sa aka ja katako da shanu a filin sussuka da ke gaban zauren Malik, rairayi ya kwanta sumul. Haka ake yi tun zamanin kakanni: duk wanda ake zargi ya taka, mai bin sawu ya duba. Taku goma ya isa. Yau Gaman ya ce a'a.

"Duk namijin da ya kwana a gidan nan, da duk wanda ya kwana a garin nan, zai taka. Daga nan har gindin magaryar can. Kowa ya cire takalmi ya riƙe, ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wancan."

"Baffa, gawa na jira," in ji Malik. "Mutum ɗaya na ce ka duba."

"Shi ma zai taka. Kai ma za ka taka."

Malik ya dube shi kamar zai mare shi, sannan ya sunkuya ya cire takalmi.

Gaskiyar magana, Gaman caca yake yi. Sawun silifa ba ya nuna ƙafa sosai, ba zai iya rantsuwa a kansa ba. In mutumin ya riga ya cusa bindigar a wani rufin ɗaki, to an gama, Rab Nawaz ya tafi. Abin da ya dogara da shi kawai: baƙo a gidan makoki, ɗaki cike da mutane tun safe, ba shi da maɓoya da ta fi jikinsa.

Aka fara. Malik ya wuce. Rab Nawaz ya wuce, mutum biyu na riƙe da shi. Nura wanzami ya wuce yana yanga, yana cewa a duba da kyau, irin wannan ƙafa ba a samun ta ko'ina. Ba wanda ya yi dariya. Gaman ko ƙasa bai kalla ba, ƙugun mutane yake kallo, har jama'a suka fara ƙus-ƙus cewa tsohon ya manta inda sawu yake.

Shafkat yana can ƙarshen layi, dogo, gashin baki a gyare.

"Ni baƙo ne, Baffa. Ina ruwana da rigimar ruwanku?"

"Baƙo ma ƙafa biyu gare shi. Bismilla."

Ya ɗauki takalman, ya shiga fili. Taku ashirin lafiya lau. A talatin ya fara matse gwiwar hannu a ƙugu. A arba'in tafiyar ta koma ta mai jin fitsari. Ya daure, ya ƙara biyar, ya ƙara uku. Sai ya haɗa ƙafa, ya saki takalman, ya kai hannu biyu ƙugu.

Ya makara. Abin ya riga ya suɓuce, ya gangara ta cikin ƙafar wando, ya faɗo a kan rairayi, tim.

Bindigar Zulfi ce, da ɗan maƙalinta yana ƙyalli a rana.

* * *

Kafin kowa ya motsa Malik ya fizgi doguwar bindiga daga hannun wani ɗan'uwansa. Gaman ya shiga tsakani da gurguwar gwiwarsa.

"Sauke. Ba shi ya harbe shi ba."

"Ka ce ba Rab Nawaz ba, yanzu ka ce ba wannan ba! Baffa, kada ka mayar da ni mahaukaci!"

Gaman ya zaro rigar daga ƙarƙashin mayafinsa ya warware ta.

"Nemo mini hudar. Rigar nan har gwiwa take. Duk wanda ya harbe shi a cinya daga waje, sai ya huda ta. Daga ciki harsashin ya tashi." Ya juya. "Kai kuma, yi magana tun bakinka na da amfani."

Shafkat ya zube a ƙasa.

"Na fita kewayawa bayan gari, na ji ƙara, na ruga. Na same shi da rai. Ya ce, Lala, wando na tsaya ɗaurewa. Bakin zariyar ne ya shige wajen kunamar bindigar, da ya ja don ya tamke, sai ta tashi. Na danne wurin da hannuna, wallahi na danne, jinin ya ƙi tsayawa." Ya dafe kai. "Ni na kawo abin. Ni na ce ya ajiye kube, kayan ƙauyawa ne. Ni na ce ya riƙa barin harsashi a baki. Na ce in aka gan ta a jikinsa haka, ni za a kashe, a kori ƙanwata. Sai na ɗauke."

"Da aka rufe wannan bawan Allah fa?" in ji Gaman. "Kana zaune a zaure kana karɓar gaisuwa, kana jin abin da za a yi masa bayan La'asar."

"Na yi ta son in faɗa."

"Yaushe? Ran sadakar uku?"

Malik Atta ya tsaya da bindiga a hannu, bakinta na kallon ƙasa. Ya dubi Shafkat, ya dubi Rab Nawaz, ya dubi rigar. Tun safe abu ɗaya ne ya riƙe shi a tsaye, ga shi an zare.

"To wa ya kashe mini ƙane?" Muryarsa ta koma ta yaro. "Baffa, wa zan kama?"

"Zariyar wandonsa. In za ka iya harbinta, ga ta can a kwarya."

Ba wanda ya san ko kuka zai yi ko me. Wasu suka ce a ɗaure Shafkat a kai wa 'yan sanda, wasu suka ce a kan wane laifi, wasu suka ce maganar nan kada ta fita gari don abin kunya ne, alhali rabin garin na tsaye a wurin. Malik ya juya ga Rab Nawaz.

"Kai ya so a kashe a madadinsa. Me kake so a yi masa?"

Rab Nawaz ya shafa wuyan hannunsa inda igiya ta ci.

"Ban sani ba, Malik Sahib. Ni ma na ga Zulfi kwance na juya."

Ladan ya kira La'asar.

Aka fito da makara. Malik ya kama gaba ta dama, 'yan'uwa suka kama sauran, aka ɗaga. Gaman yana baya da sandarsa, don gwiwarsa ba ta ɗaukar gawa. Ya ga Rab Nawaz ya biyo ayari daga gefe, harawa maƙale a gashinsa, yana matsowa yana ja da baya. Kowa na karɓar makara yana ba wani, amma in ya miƙo hannu sai a yi kamar ba a gan shi ba.

Sun kusa maƙabarta Malik ya rage tafiya. Bai waiwaya ba. Ya dai zame kafaɗarsa daga ƙarƙashin itacen, ya tallafe shi da tafin hannu, ya tsaya yana jira.

Rab Nawaz ya shiga ya sa tasa.